Shekarar da Na Buɗe Akwatin Bajamushe

Da sunan Allah na ɗauki bik ɗin rubutuna, shi ne shaidata a kan abin da zan rubuta. Ɗiyana, na san abin da kuke ji a gidan baffanku Lawali: wai ni na raba zumunci, wai karatun nasara ya hau mini kai har na yi wa kakana ƙazafi. Kun ji nasu shekara da shekaru ban tanka ba. Yanzu ido ya fara gajiya, to ku zauna ku ji nawa. Ba zan cika ku da lissafin lakkwal, wato makarantun bokon da na koyar, ko ƙauyukan da aka yi ta jefa ni ba. Shekara guda ce ta raba rayuwata biyu, ita zan ba ku.

Kun tashi kun tarar ana kiran gidanmu Gidan Amana, tun daga nan Dakoro har ƙauyukan Birnin Lalle da Rumbu. Abzinawa da Fulani in za su yi arewa da dabbobi da damina, a gidanmu suke barin buhunan hatsi da kayan ɗakin matansu, ba takarda ba shaida, su dawo bayan wata biyar su tarar ko igiyar bakin buhu ba a kwance ba. Wannan suna ba mu muka yi shi ba, kakanmu Labaran ya yi shi, wanda aka sa mini sunansa. Yana saurayi ya bi fatake har ƙasar Adamawa, zamanin da Jamusawa ke riƙe da can. A can ya gamu da wani Bajamushe, ba soja ba, ba ɗan kasuwa ba. Shi aikinsa bin duwatsu, yana tsinkar ganye yana matsewa cikin takarda, yana kama malam-buɗe-littafi, yana zana tsaunuka da ruwan launi. Ya ɗauki Kaka ya ja masa ayari, don yana jin Fulatanci kuma ya san hannun dabba. Suka yi ta tafiya har gindin wani dutse da mutanen wurin suka ce ba a hawansa, yana da masu shi. Bajamushe ya yi dariya, ya rataya gorar ruwa da allon zanensa, ya danƙa wa Kaka akwatinsa ya ce ya riƙe har ya sauko. Bai sauko ba. 'Yan dako suka watse, Kaka shi kaɗai ya zauna kwana arba'in a gindin dutsen yana jira, sannan ya ɗora akwatin a bayan farin takarkarinsa mai karyayyen ƙaho ya kawo shi gida. Kwana arba'in! Da labarin nan aka yaye mu. Duk wanda ya yi gajen haƙuri a gidanmu, ko ya yi kwaɗayin abin wani, kwana arba'in ɗin nan ake jefa masa a fuska.

Akwatin na ƙarfe ne, kore, da jan layi a kan murfi, da kwaɗon da babu wanda ya taɓa ganin mabuɗinsa. Ɗaki guda aka ware masa a ƙuryar gida, ba mai kwana a ciki. Mai kula da shi Gwaggo Tsahara ce, 'yar autar Kaka, wadda ko da ta yi aure a nan unguwa ba ta daina zuwa ba, ta kuma dawo gida bayan rasuwar mijinta. Kullum da safe sai ta cika ƙoƙo da ruwa ta ajiye a gaban akwatin, da la'asar ta je ta ɗauko. Haka Kaka ya yi umarni, bai faɗi dalili ba: kada ƙoƙon nan ya wuni a bushe. Kuma ruwan yana raguwa, wannan na gani da idona. Ni da kaina na sha gaya wa matan gida cewa zafi ne ke shanye shi, na kawo musu bayanin da nake yi wa 'yan aji. Amma ban ɓoye muku ba, ko da sanyi, lokacin da tulu ke kwana a cike, ƙoƙon nan rabi ake ɗauko shi. Na riski Kaka da tsufansa, dogo ne, mai ƙarancin magana. Abin da na tuna da shi, bai taɓa hawa komai ba. Ba ya hawan tsani, ba ya hawa kan rumbu, in hanya ta bi ta kan tudu sai ya zagaya. Mutumin da ya ga manyan tsaunuka ya zo ya zaɓi ƙasar da ba ta da dutsen da ya kai ƙugu, mu kuwa muna cewa tsufa ne.

Shekarar da nake ba ku labari, mahaifinmu ya kwanta ciwon ajali tun kafin saukar ruwa. Ni ne babba, sai ya kira ni. Bai taɓa kiran sunana ba, tun da sunan ubansa ne.

"Mai suna, akwatin nan ya dawo wuyanka. Ba naka ba ne, ba nawa ba ne. Kada ka buɗe."

Na ce, "Baba, mai shi ya mutu tun ba a haife ka ba. Har yaushe za mu yi ta jiran wanda ba zai zo ba?"

"Ni dai abin da aka gaya mini na gaya maka. Ka cika tambaya."

Gaskiyarsa, na cika tambaya, har yau ban daina ba. Bayan rasuwarsa damina ta zo da ƙarfi, bangon ɗakin akwatin ya tsage, ruwa ya shiga. Ni da Lawali muka je ɗauke shi, ina kama kwaɗon sai ya zo mini a hannu, tsatsa ta gama cinye shi. Muka tsaya muna kallon juna. Lawali ya ce a nemo maƙeri ya sa sabo, yau ɗin nan. Ni kuwa na ce amana ba ajiye ta har abada ake yi ba, mayar da ita ake yi. Mutumin nan yana da dangi a wani wuri, cikin akwatin ba za a rasa suna ko gari ba, ni kuma na iya boko. In na samu, na rubuta wasiƙa, mu sauke nauyin da ya danne gidanmu tun zamanin Kaka. Lawali ya ce, "Yaya, kai mushe ne, malamin lakkwal, nan gida kuwa wasiyya ce ke magana." Na ce masa ɗan kasuwa bai san komai ba sai awon hatsi. Kun san bakina. Muka kai akwatin ɗakina a kan za a kira maƙeri gobe, a raina kuwa na riga na yanke abin da zan yi.

Kashegari ranar kasuwa ce, gida ya watse. Bayan azahar na leƙa na ga Gwaggo kwance a rumfa, ga alama barci take. A lokacin idonta ya riga ya rufe, da sanda take yawo cikin gida. Na shiga ɗaki, na bar ƙofa a buɗe don haske, na yi bismilla na ɗaga murfin. Abin da ya fara bugo ni wari ne. Warin jiƙaƙƙen daji, na ruɓaɓɓen ganye da laka, irin wanda ban taɓa shaƙa a ƙasarmu ba, kuma da shi wani sanyi ya taso ya bi mini hannuwa. Rana tsaka ce, gumi nake yi kafin in buɗe, amma sai da tsigar jikina ta tashi. A sama akwai ganyaye a matse tsakanin takardu, kowane da rubutu a ƙarƙashinsa, sun koma launin ƙasa. Akwai ɗan akwatin katako na malam-buɗe-littafi, ina taɓa shi suka zube suka zama gari. A ƙarƙashi kuma, naɗe cikin ƙyalle mai kakin zuma, zane-zanen ne, launinsu kamar jiya aka yi su.

Wallahi ɗiyana, na manta da neman suna. Na ga dutse wanda gajimare ke yawo a ƙugunsa, kansa yana sama da su. Na ga ruwa yana zubowa daga bisa, fari fat, ya faɗa cikin kwazazzabo. Na ga itatuwa masu ganye kamar gashin jimina, tsayinsu ya kai giginya. Mutumin nan ba ya ƙari ba ya ragi, ko jijiyar ganye sai ya bi ta ɗaya bayan ɗaya, kuma a kusurwar kowace takarda ya sa lambar rana da wata. Jamusanci ban iya ba, amma lamba lamba ce. Can tsakiya na ci karo da Kaka. Saurayi, hula a karkace, ya dafa wuyan farin takarkarin, yana dariya har da wushiryarsa a waje. Ni da na san shi shekara goma sha, ban taɓa ganin haƙoransa ba. Fuskata ce sak. Na daɗe riƙe da takardar nan, na ji ƙaunarsa ta cika mini ƙirji, har na ce a raina Lawali zai gode mini. Na ɗaga ta ƙarshe, wadda ya zana dutsen daga gindinsa ana gobe zai hau, na ɗauka an gama. Sai na ga wasu takardu huɗu a can ƙasan akwatin. Su ba a shimfiɗe suke ba kamar sauran, an ninke su ninkin wanda bai san darajar takarda ba, ruwa ya taɓa gefensu, kuma a bayan ta waje akwai shaidar babban yatsa da jar ƙasa.

Ta farko ƙafa ce. Ƙafar Bajamushen shi kansa, miƙe a kan dutse, ta karye a ƙasan gwiwa, ta kumbura, ƙashi ya turo fata. Ya zana ta da natsuwar da yake zana ganye, har ƙudajen da ke kanta bai bari ba. Lambar da ke kusurwa ta ranar da ya hau ce. Ta biyu daga sama aka zana ta, kamar mutum yana kan wani ɗan fili a jikin dutse yana leƙen ƙasa. Ga zango, ga tokar murhu, ga kogi ya fara cika. Ga ayari yana tsallaka kogin a jere. A gaban ayarin akwai dogon mutum yana jan farin takarkari mai karyayyen ƙaho, a bayan takarkarin akwai koren akwati mai jan layi. Na dubi takardar, na dubi akwatin da ke gabana. Na dubi lambar, na ƙirga da yatsa kamar ɗan aji ɗaya, na sake ƙirgawa. Kwana uku ne. Ta uku wurin ne dai, ba kowa, kogin ya shafe mashigi. Ta huɗu ungulaye ne guda biyu a kan dutse, kusa ƙwarai, har ana ganin ƙwayar idonsu, layin kuwa ya fara karkacewa. A gefen wannan takarda, daga sama har ƙasa, kalma guda ya yi ta rubutawa da baƙaƙen boko, kuma wannan ba na bukatar Jamusanci in karanta ta. Labaran. Labaran. Labaran. Sunana ne, cikin rubutun mutumin da ya mutu tun ba a haifi ubana ba, ina zaune ni kaɗai a ɗaki. Na ji kamar in amsa. Na toshe bakina da hannu.

Da hankalina ya ɗan dawo, sai wata tambaya ta zo mini wadda ta fi duka nauyi. Akwatin yana bayan takarkari ya tafi, takardun nan kuwa a kan dutse aka zana su, wasu ma bayan tafiyarsa. To yaya aka yi suka shiga ciki? Ba sai na gaya muku ba, wani ya koma ya hau, ya tarar da abin da ya tarar, ya ninke su ya sauko da su. A nan ne na ji ƙwanƙwasar sanda a bakin ƙofa.

"Babana," in ji Gwaggo, haka take kirana, "ka buɗe."

Na ce, "Na buɗe, Gwaggo."

"Na ji wari tun daga rumfa. Warin rigar Baba ne in damina ta yi nisa. Matsa mini."

Ta lalubo tabarma ta zauna. Ta ce tun tana 'yar shekara bakwai take kai wa akwatin nan ruwa, yau tana so ta san wanda take shayarwa. Ta ce in gaya mata takarda ɗaya bayan ɗaya. Na soma daga ganyaye, na yi mata dutsen da gajimare da ruwan da ke zubowa. Da na zo kan Kaka na ce mata yana dariya, ta sa na ɗora mata yatsa a kan fuskar, ta yi ta shafawa tana murmushi, ta ce ita ma ba ta taɓa gani ba. Na kai ta ƙarshe na ce shi ke nan. Makauniya ce, wa zai gaya mata? Na fara mayar da kaya.

"Saura huɗu," in ji ta. "Ina tsaye na ji ka buɗe masu ninki. Ƙararsu daban ce."

"Gwaggo, waɗannan ba su da kyau, ruwa ya ɓata su."

"Babana, ni na yi maka wanka ranar da aka haife ka. Muryarka ba ta iya ƙarya ba. Karanta mini."

Na gaya mata. Ƙafar, ayarin, takarkarin, kwana ukun, ungulayen, sunan. Ban rage ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi salati da ƙarfi ba, hannunta kawai ya sauka daga kan fuskar Kaka ya koma cinyarta. Ina jin hayaniyar kasuwa can nesa.

"To ya koma," ta ce.

"Ya koma. Ga shaidar yatsansa da jar ƙasa."

"Bayan kwana nawa?"

"Takarda ba ta faɗa ba."

"Arba'in ɗin ke nan," ta ce a hankali. "Sai da kogi ya janye." Sannan ta ce, "Ashe ƙishirwa ce. Shekara saba'in ina kai ruwa ban sani ba." Ta juyo da fuskarta wajena, idon nan fari ya tsaya a kaina kamar yana gani. "Abu guda zan tambaye ka. A takardar kogin, Baba ya waiwaya?"

Na ɗauko gilashin ƙara girma da nake nuna wa 'yan aji ƙafar fara da shi, na kai takardar bakin ƙofa, na duba na daɗe.

Na ce, "Ya waiwaya, Gwaggo. Duk ayarin shi kaɗai ya juyo da fuska sama."

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Fin ƙarfinsa aka yi." Ta dafa sanda ta tashi ta fita.

Lawali ya dawo da la'asar tare da maƙeri, ya sallami maƙerin tun daga zaure da ya ga fuskata. Na shimfiɗa masa takardun huɗu. Ya dube su sau ɗaya, ɗaya tak, ya kau da kai. Ya ce a rumbunanmu yanzu haka akwai hatsin gida goma sha na mutanen da ke can arewa, sun bar shi ne don sunan mutumin nan da nake son tonawa. Ya ce ɗiyansa mata da nawa da sunan nan za su yi aure. Na ce sunan ƙarya ne. Ya ce amanar da ubanmu ya riƙe har ya mutu, ita ma ƙarya ce? Na kauce wa wannan tambayar. Na ce dai dangin mutumin nan suna da hakkin sanin yadda ya ƙare. Ya ce, "Ka ga sunan dangin?" Ban gani ba. Duk rubutun akwatin sunayen ganye ne da duwatsu, sunan mutum guda ne a ciki, shi ne namu. Ina cikin magana ya tattara huɗun ya nufi madafa, inda uwarku ta hura wutar tuwo. Na bi shi na riƙe masa riga, ya fizge, rigar ta yage a hannuna. Takarda mai shekaru irin waɗannan ba ta jan lokaci a wuta. Uwarku tana tsaye da muciya, ba ta san abin da ya ƙone ba, ta dai ce ta ji warin damina.

Da na yi shiru da an wuce wurin. Amma ni ne, ban iya ba. A taron arba'in na mahaifinmu wani dattijo ya tashi yana yabon gidan, ya kawo zancen kwana arba'in a gindin dutse, sai na ji bakina ya ce kwana uku ne. Aka ce in kawo shaida, ba ni da ita. Aka tambayi Lawali, ya ce bai ga komai ba sai zanen itatuwa. Aka tambayi Gwaggo, ta ce ita makauniya ce. Tun daga ranar aka ja katanga a tsakiyar gida, wadda kuka tashi kuka gani, akwatin ya koma ɓangaren Lawali da sabon kwaɗo, Gwaggo ma ta bi shi. Masu ajiya ba su daina zuwa ba, ƙofarsa suke bi. Ni na zama mushen da karatu ya taɓa. Na yi fushi shekaru, na yi kewar ƙanena fiye da fushin, kuma ban taɓa gaya masa ba.

Gwaggo ta rasu bayan girbin shekarar. Har ta kwanta ba ta ƙara ta da zancen ba, sai ana jibi za ta cika ta sa aka kira ni ta ƙofar baya. Ta kama hannuna ta ce kullum tana roƙa wa Baba gafara, kuma zuciyarta a kwance take, tun da mutumin da ya waiwaya bai tafi da son ransa ba. Na ce haka ne. Ta ce Allah ya yi mini albarka da na duba mata.

Ɗiyana, ban san abin da ya faru a gindin dutsen nan ba. Ban sani ba ko sun ji kiransa, ko 'yan dako ne suka tsorata da masu dutse, ko kogi ne ya tilasta su. Ban sani ba ko jar ƙasar da ke yatsan Kaka ta kabarin da ya haƙa ce, ina fata ita ce. Ba na ce ku tsine masa ba, jininsa ne a jikinku, kuma duk abin da ya yi ya ɗauke shi a ka har ya mutu. Amma an ce na yi ƙarya a cikin zancen nan, to na yi, sau ɗaya, ba kuwa inda suke cewa ba. Takardar ta ƙone, Gwaggo ta tafi, ni kaɗai na rage da na duba ta da gilashi a hasken rana. Mutum goma sha ɗaya ne a cikin kogin, na bi su ɗaya bayan ɗaya har sau uku ina neman abin da zan ba tsohuwar nan. Bajamushen ba ya ƙari ba ya ragi. Dukansu ƙeya suka ba dutsen, Kaka yana gaba, bai waiwaya ba.